Ɗanyen Ganye Ba Busasshe Ba Ne: Jagorar Dafa Kayan Lambu a Maiduguri

Na daɗe ina girkin biki da suna a garin nan, kuma duk shekara ba na rasa 'yan mata biyu ko uku da iyayensu ke turowa su koyi tukunya a hannuna. Kusan dukkansu kuskure ɗaya suke zuwa da shi daga gida. Za ki ga alayyahu an yanko shi da asuba a lambun bakin kogin Ngadda, kore shar, ganyen na ƙara in kin taɓa, amma kafin azahar ya zama wani abu baƙi-baƙi a gindin tukunya, ya yi lugub, ba ƙamshi ba kyan gani. In na tambayi yarinya me ya sa ta bar shi rabin awa a wuta, sai ta ce haka ta ga ana yi.

Gaskiyarta. Hannunmu da busasshe ya saba. Ruwan sama a Borno wata uku ne zuwa huɗu, don haka iyayenmu suka ƙware wajen shanya: kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshiyar yakuwa wadda Kanuri ke kira karasu, kauɗar tumatur da tattasai. Busasshen abu yana son ruwa da yawa, da dogon lokaci, wani sa'in da ɗan kanwa, kafin ya saki jiki. Ɗanyen ganye kuwa kusan kashi tara cikin goma na nauyinsa ruwa ne, da nasa ruwan yake zuwa. Wadda ta ɗauki hannun busasshe ta ɗora a kan ɗanye ta kashe shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ƙanwata, don ki raba hannayen biyu.

Kayan da za ki tanada

Ba wasu masu tsada ba ne. Roba babba guda biyu don wanki, gwagwa ko kwando don tsanewa, wuƙa mai kaifi, katakon yanka wanda ba a yanka ɗanyen nama a kansa, tukunya mai faɗi mai murfi, turmi da taɓarya don jajjage, ludayi, maburgi, da madambaci in za ki yi dambu. Wuta kowace iri ce ta yi, gas ko kurfoti ko murhun itace, muddin za ki iya ƙara ta ki rage ta. Sai ruwa mai tsabta, wanda za ki yarda ki ba ɗanki ya sha. Na kayan haɗi kuwa: albasa, attaruhu, tattasai, tumatur, daddawa, gishiri, man gyaɗa ko manja, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, lemon tsami, da banda ko nama gwargwadon hali.

Wuƙar nan kada ki raina ta. Dakusasshiyar wuƙa murje ganye take yi, ruwansa ya tsiyaye a kan katako, gefen ya yi baƙi tun bai shiga tukunya ba.

Mataki na 1: Saye

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Je kasuwa da safe. A Kasuwar Gamboru kayan gwari da sassafe suke sauka, kuma wanda kika saya ƙarfe bakwai ba ɗaya yake da wanda ya sha ranar azahar ana ta yayyafa masa ruwa ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ganye na iya yaushi cikin awa biyu.

Karya ƙarshen kuɓewa da farce: in ta karye ɓas, ƙarama ce mai taushi, in ta lanƙwashe, ta tsufa, zare ne a ciki. Alayyahu da ya fitar da kai ya fara 'ya'ya ya wuce lokacinsa. Kabeji ki ɗaga ki ji nauyi. Karas ya zama mai tauri. Ganyen da kika ga wani farin gari-gari a kansa, ko kika ji yana warin magani, bar shi, wataƙila feshin kwanan nan ne. Ni ganye mai 'yan hujojin tsutsa bai taɓa tsorata ni ba, wanki yana maganinsa.

Ki bi lokaci kuma. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, latas da kabeji da karas da tumatur suke arha da kyau, saboda noman rani na bakin madatsar Alau da fadamar Jere. Da damina kuwa rama da lalo da tafasa da yakuwa da kuɓewa ke cika gari. Abin da ke kakarsa shi ya fi daɗi, shi ya fi sauƙin kuɗi.

Mataki na 2: Wanki

Nan zan daɗe, don nan ne lafiya take. Yawancin kayan lambun da muke ci ban-ruwa ake musu daga kogi ko kududdufi, ana zuba musu takin dabbobi, sannan su bi hannu da yawa kafin su iso gidanki. Duk wanda ke garin nan ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday har fadar Shehu, ya ga abin da ruwa ke kwasowa. Bayan 'yan makonni gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ruwa ya janye, amma darasin wanki yana nan.

Ki fara da wanke hannunki da sabulu. Sai ki gyara ganyen: cire ruɓaɓɓe da mai rawaya, tsinke zogale daga sandunansa, yanke saiwar alayyahu inda ƙasa ke maƙalewa. Cika roba da ruwa, zuba gishiri kamar cokali ɗaya, saka ganyen ki juya shi a hankali, ki bar shi minti biyu ko uku. Gishirin yana sa ƙananan ƙwari su saki ganye, yashi kuma ya kwanta a ƙasa. Sannan ki tsamo ganyen da hannu ki mayar a roba ta biyu. Kada ki tuntsurar da robar a kan gwagwa, don yashin da ya kwanta zai sake zubowa a kan ganyen, kin yi aikin banza. Ki maimaita har sai kin shafa gindin roba ba ki ji yashi ba. Alayyahun damina yakan ci ruwa uku ko huɗu.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na farko, a yanka ganye sannan a wanke. Kin ga ruwan ya koma kore? Amfanin ganyen ne kike zubarwa a kwata, don bitamin C da wasu 'yan'uwansa narkewa suke a ruwa, kuma yanka ya buɗe musu ƙofa. A wanke tukuna, a tsane, sannan a yanka. Na biyu, a jiƙa ganye a tafi wani aiki awa guda. Jiƙo na busasshe ne.

Ki sani kuma gishiri ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Wuta ce ke kashewa. Zan dawo kan wannan in mun zo ga abin da ake ci ɗanye.

Mataki na 3: Yanka

Ki yanka daf da lokacin zubawa. Ki daidaita girman yankan don su nuna tare. Alayyahu kada ya yi ƙanana sosai, faɗin yatsa ya isa, tunda zai ƙanƙance. Ƙananan sandunansa masu taushi ki yanka su daban, sun riga ganye shiga tukunya. Kuɓewa in yauƙi kike so ki goga ta ko ki daka. In ba kya son yauƙi ki tsane ta ta bushe sarai, ki yanka manya.

Mataki na 4: Gama sanwa kafin ganye ya shiga

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: ganye shi ne baƙon ƙarshe. Duk abin da ke buƙatar dogon dahuwa ya gama nasa kafin a kira shi.

Ɗauki miyar alayyahu ta gidan mutum shida. Ki sulala nama da albasa da gishiri har ya yi laushi, ki ajiye romon. In banda ce daga Tashar Baga, ki jiƙa ta a ruwan zafi, ki wanke yashi da hayaƙi, ki cire ƙaya. Ɗora mai kamar ludayi ɗaya, ki soya albasa har ta yi ƙamshi, ki zuba jajjagen tumatur da tattasai da attaruhu. Ki bar shi ya soyu har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama, tsamin tumatur ya mutu. Wannan kan ɗauki kusan kwata na awa, kuma nan ne ake son haƙurin da mutane ke ɓatawa a kan ganye. Sai daddawa, sai nama ko kifi, sai romo kaɗan. In da gyaɗa, ki dama markaɗaɗɗiyarta ki zuba yanzu, ki bar ta ta dahu har gafinta ya fita. Gyaɗar ki tsince ta tun kafin a niƙa, duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki yar, gubarta ba ta mutuwa da dahuwa.

Ruwa kaɗan nake cewa. Ki bar sanwar ta fi yadda kike so kauri, domin ganye zai sako nasa ruwan. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, ki bar shi ya ɗan gaza, don tulin ganyen da ya cika roba zai dawo kamar cikin kwano ɗaya, wadda ta sa gishiri da idon tulin nan kuwa za ta ji a bakinta. Man ma yana da aikinsa: abin da ke cikin karas da kabewa da korayen ganye wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da fata, sai da maiƙo hanji ke iya ɗaukarsa sosai. Ba sai ya yi iyo a mai ba, amma kada a dafa shi fari fat.

Mataki na 5: Zuba kowanne a lokacinsa

Kowane kayan lambu da nasa lokacin, kuma mai tauri ke riga mai taushi. Kabewa tana son minti goma sha biyar zuwa ashirin, shi ya sa a miyar taushe ita ke fara shiga, a farfasa ta da ludayi ta ba miya jiki. Yalo da gauta kamar minti goma. Karas takwas zuwa goma, gwargwadon kaurin yanka. Ɗanyen zogale ya fi yadda ake zato tauri, ki ba shi goma ko fiye kaɗan, har ɓaurinsa ya ragu. Kabeji biyar. Alayyahu uku zuwa biyar, ba ƙari. Lawashi kuwa bayan kin kashe wuta, zafin tukunya ya ishe shi.

Ki ƙara wuta kafin ki zuba ganye, ya tarar da miya tana tafasa. In ya shiga miya mai sanyi-sanyi, kwanciya zai yi yana jiƙa yana fitar da ruwa. Ki zuba, ki juya sau ɗaya ko biyu, ki bar tukunya a buɗe ko ki ɗan karkata murfin. Dalili shi ne ganye na sakin wani ɗan tsami idan ya ji zafi. In an rufe ruf, tsamin nan yana komawa ciki ya mayar da kore ya zama ruwan ƙasa. Da zarar kin ga ya kwanta, launinsa ya ƙara tsananin kore, sauke. Kada ki jira ya nuna a kan wuta yadda kike so a faranti, domin tukunya na ci gaba da dafa shi bayan an sauke. A kan kurfoti ko murhu, inda ba a kashe wuta da maɓalli, ɗauke tukunyar za ki yi gaba ɗaya.

Sai wani abin da na koya da wahala a girkin taro. Na taɓa yin miyar taushe ta suna, na gama ta da ganyenta tun ƙarfe tara na safe, na rufe, ba a raba ba sai bayan azahar. Da na buɗe, ganyen ya narke, launin ya mutu. Tun daga ranar, sanwa nake gamawa da wuri, in ajiye yankakken ganye a gefe a rufe da tsumma mai damshi, sai an ce masa ta iso ko tuwo ya kwasu sannan in tafasa in zuba. Haka za ki yi a gida in maigida ba ya dawowa sai bayan isha'i.

Mataki na 6: Kanwa, tsami da yauƙi

Kanwa tamu ce, daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga take zuwa tun zamanin ayari, kuma tana da wurinta a kunu da wake da busasshen kaya. Amma a kan ɗanyen ganye ina roƙonki ki janye hannu. Na san abin da ke jan mutane: tana sa ganye ya yi kore, ya yi laushi nan da nan. Sai dai tana ruguza bitamin C da B1, tana mayar da ganye kamar sabulu a baki, kuma gishiri ce a wani kamanni, mai hawan jini ba ya buƙatar ƙari.

Masu tsami, wato yakuwa da rama, su ake yawan kai wa kanwa. Akwai hanyar da ta fi. Ki tafasa ruwa daban, ki jefa ganyen minti biyu zuwa uku, ki tsame ki zubar da ruwan. Wani amfani ya tafi da shi, na yarda, amma bai kai ɓarnar kanwa ba. Ko kuma ki haɗa yakuwa kashi ɗaya da alayyahu kashi uku, ki sa gyaɗa, ita gyaɗa tana kwantar da tsami. Kuma kada ki kashe shi duka. Miyar karasu da banda a kan burabusko, ɗan tsamin nan shi ne daɗinta, shi ke yanke ƙarnin kifi. Miya mai tsami kada ta kwana a tukunyar dalma, tsami na cin ƙarfen, ki juye a wani mazubi.

Kuɓewa da lalo yauƙi ake nema a gare su. Ƙaramar ɗanyar kuɓewa ba ta buƙatar kanwa: ki goga, ki zuba a romo kaɗan mai tafasa, ki buga da maburgi, ki bar ta a buɗe minti biyar zuwa bakwai. Abin da ke tsinka yauƙi shi ne ruwa da yawa, da daɗewa a wuta, da tsami. Saboda haka in za ki sa tumatur, ki soya miyarsa daban a haɗa a kwano. In kuwa kuɓewar ta ɗan manyanta har sai an taimaka mata, ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa rabin ƙaramin cokali ya isa tukunya guda.

Mataki na 7: Hanyoyin da ba miya ba

Kwaɗo shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi ɓatawa. Zogale ko rama ko tafasa, a ruwa kaɗan mai gishiri za ki dafa, har ya yi laushi amma yana riƙe da siffarsa. Ki tsane, ki bar shi ya huce, ki matse a hankali. Masu matse shi kamar wanki suna barin dusa kawai. Daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, yanka albasa da tumatur, ɗiga man gyaɗa, ki cakuɗa. In kin matsa lemon tsami a kai kin yi wa kanki alheri, musamman mai ciki da mai shayarwa, domin bitamin C na taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, wanda ke gina jini. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba shi tazarar awa guda bayan cin abinci. Na san wannan magana tana da nauyi a garin da ake son shayi kamar namu.

Dambu ya fi kowace hanya adana amfanin ganye, don tururi ne ke dafa shi, ba ruwan da za a zubar. Ki fara turara tsakin masara ko ɓarzajjiyar shinkafa shi kaɗai har ya yi rabin nuna, ki juye, ki haɗa da ɗanyen zogale da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa, ki yayyafa ruwa, ki mayar madambaci kamar minti ashirin. In kika haɗa su tun farko, ko tsaki ya fito bai nuna ba ko ganye ya wuce. Ruwan ƙasan madambaci kada ya taɓa na sama, in ya taɓa dambu ya caɓe. Mai sai an sauke.

Kabeji da karas da koren tattasai da koren wake suna son suya mai sauri: kasko mai faɗi, wuta mai ƙarfi, mai cokali biyu, karas ya fara, kabeji ya biyo, ana juyawa ba tsayawa, gishiri a ƙarshe don yana jawo ruwa. Kada ki cika kasko. In kaya sun yi yawa ki raba biyu, in ba haka ba dahuwa za su yi a ruwan jikinsu. A sauke suna da ɗan garas-garas. Da shinkafa ko sinasir ba a magana.

Sai abin da ake ci ɗanye, latas da kokwamba da gurji da tumatur. Tunda wuta ba za ta taɓa su ba, wankinsu ya fi na kowa tsanani. Ɓare latas ganye ɗaya-ɗaya, ki wanke kowanne, ɗauraya ta ƙarshe da ruwan da aka tafasa ya huce ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. Kokwamba da karas a fere. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama ko kaza kada ta kusance su sai an wanke ta da sabulu. Lokacin da aka ce amai da gudawa na yawo a unguwa, ni dakatar da salak nake yi ɗungurungum, in dafa komai, musamman saboda yara da tsofaffi.

Mataki na 8: Abin da ya rage

Dafaffen ganye ba ya jure zafin garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi, mu kuwa da bazara ko awa biyun da kyar. Miyar gyaɗa da kwaɗo su suka fi saurin lalacewa. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, saboda haka ki dafa ganyen da za a cinye, ki ajiye sanwar da ba ganye, ita ta fi jure ɗumame. In dole ne a ɗumama, a tafasa sosai sau ɗaya, abin da ya saura bayan nan a haƙura da shi.

Ɗanyen da ba ki dafa ba kuma kada ki wanke shi, damshi ke ruɓar da shi. Kwance ɗaurin, cire ruɓaɓɓu, naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, ki sa a kwando kusa da randa inda iska ke bi. Kada ki ƙulle shi a baƙar leda. A haka alayyahu zai kai gobe, kabeji da karas su yi kwanaki. In ya yi miki yawa, kamar zogale ko yakuwa a ƙarshen damina, ki wanke, ki tsane, ki baza a faifai ko tabarma mai tsabta a inuwa, ki rufe da yadi mara kauri saboda ƙura da ƙuda. Rana kai tsaye tana cinye launi da amfani. In ya bushe har yana ruɓushewa a hannu, ki zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi, ki ajiye inda ba laima. Ranar da kika ɗauko shi, sai ki ba shi ruwa da lokacin da ake ba busasshe.